Gonar gandu: daga bakin tsofaffi zuwa takarda

Jama'ar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, mun san yadda kakanninmu sunka riƙe gandu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, maigida ke rabo, rigima kuwa sai gaban maigari. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ba ta ture al'adar ba. Ta ce mallakar gargajiya da ta takarda ƙarfinsu ɗaya. Daga baya ne anka kafa Kofo, kwamitin filaye na gari, wanda maigari ke shugabanta. Ko a Sin, inda dokar 2007 ta ba masu gidaje cikin bene ɗaya ikon kafa kwamitinsu, sulhu ake fara nema kafin kotu. Mu fa, tsofaffin da sunka san iyakokin gonaki suna ƙarewa. Mu rubuta tun suna raye.