Dokar hayar gidaje: Me ake son gyarawa a Najeriya?

Taƙaddama tsakanin masu gidaje da 'yan haya ta daɗe a Najeriya. Kowace jiha ce ke da hurumin yin dokarta kan batun, don haka gyaran da aka yi a wata jiha ba ya aiki a Sakkwato sai majalisar dokokin jihar ta amince da irinsa.

Ina aka fara gyaran?

A shekarar 2011 ne gwamnan Legas na lokacin, Babatunde Fashola, ya sanya hannu kan dokar da ta haramta karɓar kuɗin hayar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku, amma ta tsame unguwanni irin su Ikoyi da Apapa.

A 2022 kuma Sanata Smart Adeyemi ya gabatar da ƙudurin da ya nemi 'yan haya a Abuja su biya kuɗin wata uku da farko, sannan su koma biya wata-wata.

Yaya ake tayar da ɗan haya?

Dokar ta Legas ta ce, idan babu wata yarjejeniya ta daban, mai biya wata-wata zai samu wa'adin wata guda, mai biya shekara-shekara kuma wata shida. Bayan nan sai a ba shi takardar kwana bakwai kafin a shigar da ƙara.

Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da ɗan haya. Cire rufin ɗaki ko watsar da kayansa waje saɓa wa doka ne.

Me Shari'ar Musulunci ta tanada?

A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Sakkwato, wajibi ne a san adadin kuɗin haya da tsawon lokacinta tun wajen ƙulla ciniki. Haka nan rasuwar mai gida ba ta warware yarjejeniyar, don haka magada ba za su kori ɗan haya ba kafin wa'adinsa ya cika.

Ina matsalar take a karkara?

A ƙananan hukumomi irin su Bodinga da Shagari, akasarin jama'a na zaune ne a gidajen gado. Masu kama haya galibi malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da baƙin 'yan kasuwa, kuma sau da yawa da baki ake yin cinikin. Idan rigima ta taso, rashin takarda ko rasit na wahalar da ɓangarorin biyu a gaban alƙali.

Doka kaɗai za ta wadatar?

Muddin gidaje sun yi ƙaranci, mai gida ne ke da ta cewa. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta ƙuduri gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, sai dai shirin bai kai ga cika burinsa ba.