Daga Ragaya Zuwa Sif: Yadda Ɗakin Amarya Ya Sauya a Ƙasar Yawuri

Da zarar azumi ya ƙarato, bukukuwa suka cinkushe, sai muhawarar kayan ɗaki ta taso. Malamai su ce an ɗora wa uban amarya nauyin da shari'a ba ta ɗora masa ba. Iyaye mata su ce ba za su kai 'yarsu ɗaki fayau dangin miji su yi ta zunɗenta ba. Ko gwamnatin Kano da ta ɗaura aure 1,800 a auren gata na 2023, sai da ta haɗa wa kowace amarya gado da katifa. Yawancin masu wannan gardama suna ɗora laifin a kan fina-finai ko kuɗin mai. Ni ina ganin shi kansa ginin ɗakin ne ya fara sauya jere, kuma babu inda hakan ya fito fili kamar ƙasar Yawuri.

Yawuri tsohuwar masarauta ce a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayo goro. Turawa masu yawon bincike, Richard Lander da ƙaninsa, sun zo a 1830, hankalinsu na kan kogin Kwara. Ɗakin mace na wancan zamani zagayayye ne, na ƙasa da jinka. Mata su taru su yi daɓe, a shafe shi da makuba har ya yi sheƙi. Ga gadon ƙasa da ake zuba wa garwashi a ƙarƙashi lokacin hunturu. Ado kuwa a sama yake: ƙore masu zane a cikin ragaya, faya-fayai masu launi, akusa, sai 'yar masu hali da ake jera wa tasoshin Bida.

Kwano ya shigo ta kantunan Turawa irin su John Holt, ya yi araha bayan da 'yan kasuwar Hong Kong suka buɗe masana'antunsa a Legas da Kano wajajen 1960. Langa, samira, fanteka, kumbo: a ɗora ƙarami bisa babba har a kusa taɓo rufi, farantai kuma a manna su a jikin bango tun yaɓe yana ɗanye. A 1959 iyalan Moukarim suka fara ƙera gadon ƙarfe a Kano. Duk da haka ɗakin ƙasa yana iya haɗiye waɗannan baƙin kaya ba tare da ya canza kama ba.

Sai madatsar Kainji. An fara aikinta a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da gungunan da Gungawa suka daɗe suna noman albasa da kamun kifi a kansu. An tashi mutum kimanin 44,000, da yawansu daga ƙasar Yawuri da Ngaski, aka sa su a sababbin gidaje da wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, ya tsara: bangon bulo da siminti, rufin asbestos mai lanƙwasa. Abin da ya ɗauki garuruwan Hausa shekaru da dama suna shiga a hankali, su a cikin 'yan shekaru kaɗan aka jefa su ciki.

A tsaya a dubi wannan ɗaki da idon 'yan jere. Babu tankar jinka da za a ɗaura ragaya. Bangon siminti ba ya karɓar faranti, ƙusa ma sai ta lanƙwashe kafin ta shiga. Daɓe ya tashi daga aiki, tare da gayyar matan da ke yinsa da waƙoƙinsu. Gadon ƙasa ba a gina shi a bisa siminti, dole a nemo na ƙarfe ko na katako. Kwanukan da a da bango ke riƙewa yanzu suna bukatar kanta, kanta ta zama kabad mai gilashi, kabad ya jawo labule da ledar ƙasa. Kuma ɗaki mai kusurwa huɗu yana nuna duk inda babu kaya. Kusurwar da aka bari wayam ita baƙuwa za ta fara kallo ranar buɗar kai. Mutane da dama sun koka da zafin sababbin gidajen, wasu suka gina ɗakunan ƙasa a gefe, amma ma'aunin ɗakin amarya ya riga ya koma na siminti.

Masu cewa kuɗin mai ne, wato na Udoji, ya sauya jere suna da tasu hujja, domin ƙarin albashin da aka biya a 1975 ya cika gidaje da kujerun kushin da gadon fomeka. Sai dai Udoji na ma'aikatan gwamnati ne, masunci a Wara ko manomi a Shanga bai ga ko kwabo ba, alhali ɗakin 'yarsa ma ya sauya. Fina-finan Kano kuwa sai bayan 1990 suka bazu, sun tarar da kabad ya daɗe da zama. Abin da suka ƙara shi ne gasa: launin labule ya dace da zanin gado, a ce wannan ɗan Dubai ne, wancan ɗan Turkiyya.

Abin da ke damuna a jeren yau ba tsadarsa kaɗai ba ce. Kwanukan iyayenmu dukiya ce ta mace ita kaɗai, kamar akuyar da ta ɗaure a bayan ɗaki. In rashin lafiya ya zo ko auren ƙanwa ya taso, ta sauke saiti ɗaya dillaliya ta kai kasuwar Yelwan Yawuri, sauran kuma 'yarta ta gada. Sif da gadon da ake yi yanzu da matsattsen garin katako kyansu na ranar kai amarya ne. A bakin tabkin Kainji, inda laima ba ta barin ƙasa kuma ambaliya kan shigo gida, damina biyu ko uku ta isa ƙasan sif ya kumbura, fatarsa ta ɓamɓare, ƙofa ta daina rufuwa, dillaliya kuma ba za ta ko taya ba. Iyayen da za su ci bashi a Yelwa ko Ngaski don jere, gara su rage yawan kaya su je wurin kafinta na gari, a yi musu gado da sif na katako na gaske, masu dogayen ƙafafu da suka ɗaga daga ƙasa.