Saƙi da Aska Takwas: Zanen Kudancin Kano da Darasin Japan

Matafiyin da ya tsaya a Kwanar Dangora yau, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Kano zuwa Zariya, motoci da 'yan talla zai gani. Da wuya ya tuna cewa wannan yanki na cikin ƙasar da ta tufatar da Sahara. Ta Bebeji, a wannan yanki, fatake ke bi a da tsakanin Zazzau da Kano, ta nan ma Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ratsa a 1826. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa duk shekara sun kai na wuri miliyan 300.

Ba birni kaɗai ya yi wannan aiki ba. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, ita ta yi suna, amma binciken Philip Shea na 1975 ya nuna ƙarfin sana'ar a da yana garuruwan kudu, irin su Kura da Bunkure da Dal. Manomi ya noma auduga da baba, mata su kaɗa zare, masaƙi ya fitar da ƙwarya siririya. Marini ya jiƙa baba da ruwan toka da katsi a karofi, ya yi kwanaki yana motsawa har rinin ya nuna. Daga nan sai mabuga, inda ake dukan turkudi da shuni har ya ɗauki ƙyallin da Buzaye ke nema a rawanin ɗan Kura.

Kowane zane da sunansa: saƙi mai ɗigo kamar zabo, tsamiya, barage, sai aikin allura a wuyan riga da aljihu, aska biyu, aska takwas, tambari, malum-malum. Amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai yadin kanti da rinin Turai suka biyo baya, karofi ya fara cika da shara.

Japan ma ta ga irin wannan, domin kayan Turai sun ture kimono daga suturar yau da kullum. Sai dai a 1950 ta yi dokar kare kayan al'adu, daga 1955 kuma ta fara zaɓen gwanayen sana'a tana tallafa musu don su koyar da almajirai. An adana takardun Ise da ake yanka zanen kimono a jikinsu, an riƙe rinin ɗauri na Arimatsu. Shi ya sa da Asao Tokolo zai zana tambarin gasar Olamfik ta Tokyo 2020, tsohon zanen ichimatsu ya ɗauko, a launin shuni.

Mu fa? David Heathcote ya tattara zanen ɗinkin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1970, gidan tarihi na Gidan Makama na ajiye da tsofaffin riguna, amma telan da ke aikin kwamfuta a wuyan shadda sau da yawa bai san sunan abin da yake kwafa ba. Wannan asara ce babba, kuma ba talauci ya jawo ta ba, sakaci ne.

Shugabannin ƙananan hukumomin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa da hakimansu su nemo tsofaffin masaƙa da marina da maɗinka tun suna raye, a ɗauki hoton kowane zane, a rubuta sunansa, a biya su su koyar da matasa.