Samanja Mazan Fama: Barikin soja a idon masu kallo

Samanja Mazan Fama wasan kwaikwayo ne na barkwanci da aka soma gabatarwa a Kaduna a farkon shekarun 1970, a rediyo da kuma talbijin. Yana cikin fitattun shirye-shiryen Hausa da suka ɗauki wurin aiki suka mai da shi dandalin raha.

Wurin aikin dai shi ne barikin soja. Tauraron shirin kuwa shi ne marigayi Usman Baba Pategi, wanda sunan wasan ya bi shi har ya shafe sunansa na yanka.

An haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi, ƙasar Nupe, a jihar Kwara ta yanzu. Ya yi aiki a gidan watsa labaru na Jihar Arewa da ke Kaduna, sannan ya shiga soja a zamanin yaƙin basasar Nijeriya. Saboda haka abin da ya nuna wa jama'a ba labarin ji ba ne, rayuwa ce da ya yi da kansa.

Mutumin tsakiya

Kalmar samanja Hausantar da muƙamin sajan manjo ce. Mai wannan muƙami ba hafsa ba ne, amma ya fi kurtu da farabiti da kofur da saje. Shi ne mai kula da fareti da tsabta da ladabin ƙananan sojoji.

A nan ne gishirin wasan yake. Samanja dodo ne ga na ƙasa da shi: in ya daka tsawa kowa sai ya ƙame. Amma da zarar ƙaramin hafsa ya ɓullo, ko da kuwa sa'an ɗansa ne, dole shi ma ya ƙame ya sara masa.

Mutum ɗaya ke nan da fuska biyu, kuma mai kallo yana ganin lokacin da ake sauya su.

Wannan ne ya sa wasan ya wuce bariki. Manomi a Ajingi ko ɗan kasuwa a Gaya, a gabashin jihar Kano, yana iya ƙare rayuwarsa bai taɓa taka ƙofar bariki ba. Sai dai ya san magatakardan da ke ɗaga wa masinja murya, ya kuma ga yadda muryar ke yin ƙasa idan shugaban ƙaramar hukuma ya shigo. Ya san dagaci a gaban talakawa, ya san shi kuma a gaban hakimi.

Ga yawancin mutanen irin waɗannan garuruwa, inda akwatin talbijin bai wadata ba a wancan zamani, ta Rediyon Kaduna aka fi sanin Samanja. Muryarsa ta riga kakinsa isa karkara.

Dariya a zamanin soja

Ba za a fahimci farin jinin shirin ba sai an dubi lokacin da ya fito.

Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin dubu 10 ba. A ƙarshen yaƙin adadinsu ya kai kusan dubu 250. Barikokin da ake da su ba su iya ɗaukar wannan taro ba, don haka sojoji da dama suka zauna cikin gari tare da farar hula, a gidajen haya da kasuwanni da tashoshin mota. Zaman kuwa ba kullum yake da daɗi ba.

Ban da haka, mulkin ƙasar na hannun soja daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, in ban da 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya a 1993.

A irin wannan hali, ba ƙaramin abu ba ne a nuna mai kaki a gidan talbijin na gwamnati ana yi masa dariya. Farar hula ya ga cewa mutumin da yake jin tsoro a shingen bincike yana da iyali, yana da maƙwabta, yana kuskure, kuma akwai wanda shi ma yake shakka. Sojan kuma ya ga kansa a madubi ba tare da an ci masa mutunci ba, tun da mai riƙe da madubin nasu ne.

Sai dai a lura, dariyar tana da iyaka. Kan samanja da yaransa take sauka, ba ta hawa zuwa ga masu juyin mulki da ke Barikin Dodan a Legas. Mai yiwuwa wannan na cikin abin da ya ba shirin tsawon rai a kafar da gwamnatin soja ke iko da ita.

Hausar bariki

Abu na biyu da ya riƙe masu sauraro shi ne harshe.

Tun zamanin rundunar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a Afirka ta Yamma a 1897, Hausa ce harshen da sojojin ƙabilu dabam-dabam ke magana da juna da shi a Nijeriya. Daga nan aka sami abin da ake kira barikanci: Hausar da ba ta damu da bambanta namiji da mace a nahawu ba, wadda ke tauye wasu baƙaƙe, ta kuma cika da kalmomin Turanci da aka lanƙwasa.

Samanja ya mai da wannan gauraye kayan aikinsa. Yakan fara magana da Hausa, ya tsallaka Turancin buroka, ya komo, duk a numfashi guda, musamman in ransa ya ɓaci. Bakano ko Basakkwace na dariyar yadda ake karya masa harshe, wanda ba Bahaushe ba kuma na jin muryar da ya saba ji a kasuwar mami ta bariki.

Wannan gauraye ne ya sauƙaƙa wa shirin shiga tashoshin NTA na ƙasa baki ɗaya a shekarun 1980, inda aka ƙara yawan buroka domin masu kallo na kudu.

A wasu wurare

Kaduna ba ita kaɗai ta gano wannan dabara ba. A Kano an yi Kuliya Manta Sabo, wanda dandalinsa kotu ce, da alƙali da masu ƙara da shaidu. A Inugu an yi Icheoku, labarin tafintan kotun Turawa da ke juya magana tsakanin Bature da mutanen gari yadda ya ga dama. Shi ma tafinta mutumin tsakiya ne.

A Amurka, shirin M*A*S*H, wanda aka nuna daga 1972 zuwa 1983, ya ɗora barkwancinsa kan asibitin soja a yaƙin Koriya. A Ingila kuma The Office, da aka soma a 2001, ya bi wani manajan reshen kamfanin sayar da takarda wanda ke son ma'aikatansa su ƙaunace shi, su kuma ji tsoronsa, bai sami ko ɗaya ba. An sake yin shirin a Amurka daga 2005 zuwa 2013.

Abin da ya haɗa su duka shi ne, wurin aiki na tara mutanen da ba su zaɓi juna ba, ya kuma hana su rabuwa. A gida akwai kunya da zumunci da ke rufe ɓaraka. A wurin aiki kuwa sai muƙami da albashi, kuma gobe da safe kowa zai dawo ya tarar da wanda suka yi cacar baki jiya. Marubuci ba ya buƙatar ƙirƙiro sabon dalilin haɗa su kowane mako.

Bayan Samanja

Da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama a Kano daga 1990, hankalin masu kallo ya koma kan labaran soyayya da na zaman aure, wasannin talbijin na gwamnati suka ja baya.

Amma wanda ya gaji kambin barkwanci a sabon zamanin shi ma daga cikin kaki ya fito. Rabilu Musa Ibro, ɗan garin Ɗanlasan da ke kusa da Wudil, maƙwabciyar Gaya, ya yi shekaru yana aikin gandiroba kafin ya koma wasan kwaikwayo gaba ɗaya. Ya rasu a watan Disamba na 2014.

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta dawo da al'adar shiri mai dogon zango na mako-mako, ko da yake fitaccen wasanta na barkwanci, Gidan Badamasi, kan rikicin uba da 'ya'yansa ya ginu, ba kan wurin aiki ba.

Usman Baba Pategi ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023, bayan ya sha fama da jinya.