Daga Madaɓi Zuwa Tayil: Tarihin Daɓen Ɗaki a Unguwar Shanu

Duk wanda ya daɗe cikin sana'ar gini a wannan gari na Kaduna, tun yana ɗan ɗaukar kwanon siminti har ya kai ana neman shawararsa kafin a sauke yashi, ya san cewa daga cikin sassan gida babu wanda ya sha sauye-sauye cikin shekaru ɗari da suka shige kamar daɓen ɗaki, kuma babu wanda masu gida suka fi tauye wa haƙƙi kamarsa. Ni a Unguwar Shanu na koyi aikin a hannun mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi kuwa ya koya a ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin Jihar Arewa. Abin da na tara daga bakinsa da wanda idona ya gani ya tabbatar mini da cewa duk sa'ad da sabon irin daɓe ya shigo, mutanenmu sukan karɓe shi hannu bibbiyu, amma su ci gaba da yi masa irin kulawar da suka saba yi wa wanda ya gabace shi, kuma galibin ɓarnar da ake kiranmu mu gyara daga nan take tasowa.

Da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, unguwanni irin tamu da Unguwar Kanawa da Unguwar Sarki suka riƙa cika da mutanen ƙasar Zazzau da Kano da Katsina, kowa ya zo da al'adar ginin garinsu. A wannan al'ada maza ke da tubali da azara da yaɓe, amma daɓe aikin mata ne tun daga farkonsa har ƙarshensa. In za a yi wa amarya ɗaki, sai uwarta ta gayyaci maƙwabta da dangi, a ɗebo burji a rairaye, a baza shi daidai a ƙasan ɗaki, a yayyafa ruwa, sa'an nan mata su jeru kowace da madaɓinta na itace, suna bugu tare bisa amon waƙar daɓe, wadda ban da faranta rai ita ke daidaita saukar hannuwa don kada wani gefe ya fi wani shan bugu. Bayan ƙasa ta kwanta sai a kawo makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a yayyafa a sake bugu, a bari ta sha iska a maimaita, har daɓen ya yi duhu ya ɗauki sheƙi ya daina tayar da ƙura. Hikimar da ke cikin wannan tsari, wadda ban ga wani zamani ya sake kawo irinta ba, ita ce matar da ta durƙusa ta daɓe ɗaki ita ce za ta riƙa share shi, saboda haka ilmin yinsa da ilmin kiyaye shi hannu ɗaya suke: ta san ba a kwarara masa ruwa, ta san tsintsiya mai laushi yake so, ta san in launinsa ya soma kodewa makuba yake nema, in kuwa ƙafar gado ta yi masa rami ta cike da burji ta buge abinta ba tare da ta nemi magini ba.

Siminti ne ya raba waɗannan ilmoma biyu. Da fari daga Ingila ake kawo shi cikin ganguna, jirgin ƙasa ya ɗauko shi daga bakin teku, kuma gine-ginen gwamnati da na ma'aikatar jirgin kaɗai ke ganinsa. Bai zama kayan talaka ba sai da aka buɗe masana'antar Nkalagu a 1957, ta Kalambaina a Sakkwato ta soma aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979. A daidai wannan zamani masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta buɗe a 1957, suka tara ma'aikata masu albashin wata, aka shiga gina gidajen haya na ciki da falo ko'ina cikin gari, daɓe kuwa ya fita daga hannun mata ya koma hannunmu. Ƙa'idarsa a bayyane take: kwano 1 na siminti, kwano 3 na yashi mai kaifi irin na kogin Kaduna, a shafe da cokali, sa'an nan a shayar da shi ruwa safe da yamma har kwana 7, domin siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma ba ya cika ƙarfinsa sai ya kwana 28. To, iyayenmu mata, waɗanda suka tashi bisa sanin cewa ruwa abokin gabar daɓe ne, sai suka riƙa hana a zuba, masu haya kuma suna gaggawar tarewa, har ta kai ɗakuna da yawa suna fitar da gari duk sa'ad da aka sa tsintsiya, ana ta zargin magini alhali ƙishirwa ce ta kashe aikin. Ba na wanke 'yan sana'armu gaba ɗaya, domin algus ya shigo, musamman bayan ƙarin albashin Udoji, lokacin da gini ya yawaita har a 1975 jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cincirindo a tashar Legas, akasarinsu ɗauke da siminti, wani ma ya daskare tun bai sauka ba. A wancan zamani an sami masu ƙara yashi su rage siminti, wanda ha'inci ne da shari'a ta haramta, ko mai gida ya gane ko bai gane ba.

Tarazo, wanda a ganina shi ne mafi daraja cikin duk abin da muka taɓa shimfiɗawa, daga hannun Italiyawa ya zo mana, domin asalinsa sana'ar mutanen ƙasar Banis ce, kuma kamfanoninsu na gini, irin su Cappa and D'Alberto da aka kafa a 1932, sun horar da 'yan ƙasa masu yawa. Ana cuɗa tsakuwar mabul, irin wadda ake fasawa a Jakura kusa da Lakwaja, da siminti fari ko baƙi, a raba ɗakin gida-gida da siraran gilashi ko roba domin tsagewa ta sami inda za ta bi, in ya yi ƙarfi a kawo inji a goge da ruwa, daga dutse mai kaushi zuwa mai laushi, har fuskar tsakuwar ta bayyana. Wanda ya shiga tsofaffin makarantu da asibitoci da ofisoshin wannan gari zai ga tarazon da dubban ƙafafu suka taka tun zamanin Sardauna yana nan daram. Aibinsa guda ne, shi ne mabul ɗan'uwan alli ne, duk abu mai tsami yana cinsa, ko da ruwan lemon tsami ne ko na tsamiya, balle asid ɗin nan da ake sayarwa cikin kwalabe don wanke banɗaki. Mutanen da suka saba dirzar siminti da garin sabulu da burushin ƙarfe sai suka yi wa tarazo haka, da ya dushe suka ƙara masa da asid, ya yi ramuka yana kama datti, alhali ruwa mai tsabta da ɗan sabulu marar kaifi sun wadatar da shi. Raina yana ɓaci ƙwarai in an kira ni a ce in binne tarazo a ƙarƙashin tayil, domin gugar inji ta yini biyu tana mayar da shi sabo, kuma binne abin da bai mutu ba israfi ne.

Leda da kafet ba aikin magini ba ne, kayan ɗakin amarya ne, amma tilas in ambace su saboda abu biyu. Na farko, ledar da aka shimfiɗa bisa simintin da bai gama fitar da danshinsa ba, musamman a ɗakin da ba a sa ledar tare danshi a ƙarƙashin kankarensa ba, tana kulle ruwa a ciki, in watan Agusta ya zo ɗaki ya ɗauki wari da fumfuna. Kaskon turaren wuta kuwa, wanda daɓen burji bai taɓa jin zafinsa ba, nan take yake huda ta. Na biyu ya shafi ɗahara: malamanmu na Malikiyya sun karantar da cewa najasa ba ta gusuwa sai an wanke ta da ruwa mutlaƙi, to kafet ɗin da aka manne da gam daga bango zuwa bango a gidan da ke da yara ƙanana, ta yaya za a kwarara masa ruwa ya fita? Shi ya sa nake fifita dardumar da za a iya naɗewa a wanke a shanya. Wanda kuma ya sayi tsohon gida ya tarar da ƙananan tayil na roba irin na gidajen gwamnati na da, kada ya sa a kankare su a bushe, domin da yawansu an haɗa su da asbesto, ƙurarsa kuwa tana yi wa huhu illa.

Tayil ya mamaye gidajenmu tun daga wajen shekarar 2000, da fari na Sifen da Italiya, sa'an nan na Sin mai sauƙin kuɗi, yau kuma ana yin sa a Ajakuta da jihar Ogun. Adalci ne in faɗi cewa magina 'yan Togo da Kwatano sun riga mu ƙwarewa a kansa, kuma daga wurinsu da yawanmu muka koyi jan igiya da kiyaye layi. Rabin lafiyar tayil tun ranar ɗora shi ake yanke ta. Mai jan baya yana shan ruwa, sai an jiƙa shi kafin a ɗora, in ba haka ba ya tsotse ruwan simintin ya ƙi kamawa. Mai ƙarfin nan da ake kira fosilin kuwa ba ya shan ruwa, gam na musamman yake bukata. Wajibi ne a bar 'yar tazara tsakanin kowane biyu, a kuma bar ta a gindin bango, domin tayil yana buɗewa da zafi, kuma wanda aka matse shi ne ke tashi da ƙara cikin bazara har mutanen gida su firgita. Kafin mai gida ya biya kuɗin aiki, ya ɗauki mabuɗi ya bi ɗakin yana ƙwanƙwasawa, duk inda ya ji amon kogo to babu siminti a ƙarƙashi, can zai fara fashewa. Ya kuma ajiye kwali guda na irin tayil ɗin, domin bayan shekara biyu da wuya ya sami launin a kasuwa.

Sauran rabin yana hannun uwargida, kuma tun da ba ita ta shimfiɗa ba, haƙƙi ne a kanmu mu isar mata da bayani, ko ta bakin mai gida ko daga bayan labule da izininsa. Abin da nakan ce shi ne: Hajiya, ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, ita ke dushe sheƙin tayil in takalmi ya murza ta, saboda haka a fara shara kafin a sa ruwa, a kuma ajiye abin goge ƙafa a bakin ƙofa; a rage sabulu, domin yawansa ke barin dusu-dusu da santsi; kada asid ya kusanci layukan da ke tsakani, in ya cinye su ruwa zai sami hanya ya shiga ƙarƙashi. Inda ake alwala da banɗaki ba wurin tayil mai sheƙi ba ne, mai kaushi ake sawa, domin tsofaffi da yawa sun karye a kan jiƙaƙƙen tayil, kuma karayar ƙugu ga mai shekaru ba ƙaramar musiba ba ce.

Akwai kuma turmi. Tun da aka fara shimfiɗa tayil har tsakar gida, babu abin da ya fi fasa shi kamar daka, domin daɓen burji da siminti suna haɗiye bugun taɓarya, tayil kuwa siriri ne mai gautsi, girgizar tana raba shi da simintin da ke riƙe da shi ko bai tsage nan take ba. Ba shi yiwuwa a hana gidan Bahaushe daka, saboda haka duk gidan da aka ba ni a yanzu nakan roƙi mai shi ya bar mini fili kamar taku biyu a kusa da madafa, in zuba masa kankare mai kauri in bar shi babu tayil, a nan za a ajiye turmi da murhun gawayi da tukunyar gas.