Hotunan Husufin 1919 da Suka Gaskata Einstein

A shekarar 1915 masanin nan na Jamus, Albert Einstein, ya zo da wata magana mai wuyar karɓa: hasken tauraro ba ya tafiya a miƙe idan ya gitta kusa da rana, nauyin ranar yakan lanƙwasa shi. Bisa lissafinsa, karkatar ba ta kai kashi ɗaya cikin 2,000 na digiri ɗaya ba. Idon mutum ba zai iya auna wannan ba, sai dai hoto. Kuma taurarin da ke kusa da rana ba sa ganuwa sai lokacin husufi, sa'ad da wata ya rufe ta ruf.

Husufin ya zo ranar 29 ga Mayu, 1919. A lokacin rana na tsakiyar wani gungun taurari masu haske da ake kira Hyades, waɗanda ke maƙwabtaka da Kaza da 'Ya'yanta. Masana taurari na Ingila suka tura ayari biyu. Ɗaya ya nufi garin Sobral a Burazil, ɗayan kuma, ƙarƙashin Arthur Eddington, ya sauka a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya.

Da safiyar ranar aka wayi gari da ruwan sama a Principe, gajimare ya lulluɓe sararin samaniya. Duk da haka Eddington ya ɗauki hoto 16 a kan faifan gilashi cikin kusan minti biyar da duhun ya yi. Biyu kacal suka fito da taurarin da za a iya aunawa. Aka kwatanta su da hotunan taurarin nan da aka ɗauka da dare a Oxford watanni kafin haka, sai aka ga sun ɗan gusa daga mazauninsu. Hotunan Sobral, waɗanda suka fi fitowa sarai, suka ƙarfafa sakamakon.

Ranar 6 ga Nuwamba, 1919, aka bayyana sakamakon a Landan: lissafin Einstein ya yi daidai. Shekara guda ke nan da ƙarewar yaƙin da Ingila ta gwabza da Jamus, amma ga masanan Ingila sun gaskata masanin Jamus. Hausawa kan ce gani ya kori ji. A wannan karon faifan gilashi ne ya yi ganin a madadin ido.