Kibiyar Ruma da Ƙarfin da Ke Tafiyar da Ita

Yau mun ɗan jingine labarin soyayya, za mu leƙa tarihi.

Bayan da masu jihadi suka karɓi Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka zauna a Maraɗi. Daga can suka riƙa kawo hari kudu, Dajin Rugu yana ba su mafaka. Shi ya sa ƙasar Ruma, wato Batsari ta yau, da maƙwabciyarta Safana suka zama bakin daga. A nan aka yi Sarkin Ruma Ɗanwaire, wanda har gobe ake ba da labarin jarumtarsa. To amma ni ba mahaya dawaki ne suka dame ni ba, 'yan baka ne.

Duk abin da malaman kimiyya ke koya wa ɗalibai game da ƙarfi yana jikin kibiyar nan. Maharbi ya ja tsarkiya, itacen baka ya lanƙwashe ya adana ƙarfin damtsensa. Yana saki, sai ya juye shi a kan kibiya. Tana barin tsarkiya babu mai tura ta kuma. Iska na gogarta tana rage mata gudu, ƙasa na janyo ta. Dole maharbi ya ɗan ɗaga hannu sama in abin harin yana nesa. Bature Isaac Newton ya rubuta ƙa'idojin wannan a 1687, su kuwa mutanen Ruma a damtse suka san su.

Kibiyarmu kyauro ce mara nauyi, ba a sa mata gashin tsuntsu, don haka ba ta cin dogon zango a saiti. Ga kuma lifidi, wanda audugar da aka cusa masa ke shanye bugun a hankali har tsinin ya tsaya. Da ƙarfi ya gaza, sai aka koma ga dafi, irin na ƙwanƙwani. Ƙwarzane kaɗan ya wadatar.

Saboda haka 'yan'uwana marubuta littattafan yaƙi, don Allah mu daina sa kibiya ɗaya ta huda barde uku ta wuce. Wallahi ko a hannun Ɗanwaire ba ta yi. Ku sa maharbin ya laɓe a duhuwa, ya jira dokin ya matso, ya nemi inda lifidi bai rufe ba.